Kalandar da muke aiki da ita a ofishinmu na Madina, da gargaɗinta mai kama da raɗa a kasuwa

Wata takwas kenan muna amfani da wannan manhajar ta kalanda a ofishinmu nan Madina, kuma tun kwanaki 'yan uwa masu irin sana'armu ke ta tambayata a WhatsApp wai ya take, su saya ko kar su saya, na gaji da tura saƙon murya ɗaya bayan ɗaya shi yasa nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta ya huta nima in huta. Sunanta dai ba zan kama ba, don abin da zan faɗa akwai yabo akwai suka, masu ita kuma ƙaramin kamfani ne, ba na so in zama sanadin hana wani cin abinci. Wanda yake cikin harkar ya san irin waɗannan manhajojin da ake sayar wa ofisoshin Umra da masu motocin haya, duk kusan jirgi ɗaya ya kwaso su.

Aikinmu karɓar baƙin Allah ne. Mutanenmu na Kano da Sakkwato da Yamai da Damagaram su sauka, mu ɗauko su daga filin jirgi mu kai su masauki a Markaziyya, wato unguwar otal-otal da ke kewaye da Harami, mu kai su ziyara, ranar tafiya Makka mu sa su a bas ko mu kai su tashar jirgin ƙasa. Muna da motoci Kwasta biyu da Hayis uku, babbar bas kuwa haya muke ɗauka in ayari ya yi yawa. Ni ne mai riƙe jadawali, wato in komai ya tafi daidai ba wanda ya san da ni, in an samu mushkila kuwa wayata ce ke fara ƙara.

Da can littafi ne da allo a bango, sai kuma guruf ɗin WhatsApp da kowa ke jefa abin da ya ga dama. Da Alhaji mai ofishin ya kawo wannan manhajar gaskiya na yi murna, kuma har yanzu akwai abubuwan da ba zan ƙi yaba mata ba. Kowace mota da launinta, kowane direba da shafinsa, in na shigar da aiki sai in danna abu ɗaya ya tafi wayar direban da sunan otal da adadin mutane. Ko babu netwok tana buɗewa ka ga aikin yau. Sannan tana nuna kwanan watan Hijira da na Miladiyya tare a layi ɗaya, wanda a ƙasar nan ba ƙaramin abu bane, domin duk da cewa tun 2016 gwamnati ta maida biyan albashin ma'aikatanta kan Miladiyya, kalandar Ummul Ƙura, wato ta Hijira da Saudiyya ke bi, tana nan daram a bakin mutane, shugaban ayari zai ce maka muna tahowa sha biyu ga Rajab, tikitin jirgi kuma da Miladiyya aka rubuta shi, kai ne a tsakiya kana lissafi da yatsu. Makon ma za ka iya sa ya fara daga Lahadi kaman yadda ake aiki a nan, tunda hutun Saudiyya Juma'a da Asabar ne tun 2013. Duk wannan ta yi, Allah ya saka.

Toh amma abin da yasa mutum ke sayen kalanda a irin aikinmu ba don launi bane. Abu ɗaya ne: kar ka ba mota ɗaya aiki biyu a lokaci ɗaya. A nan ne ta ba ni kunya, kuma bari in faɗi yadda abin ya faru.

Wata Asabar ce. Duk wanda ya yi aiki a Madina ya san Asabar da safe kowa Ƙuba yake so, saboda sunna ce ziyartar masallacin ranar Asabar, shi yasa motoci ke wuya a ranar. Tun ranar Laraba na sa wa Kwasta ta ɗaya ziyarar wani ayari na mutum ashirin da biyu, ƙarfe bakwai zuwa goma da rabi, Ƙuba, Ƙiblataini, Handaƙ, Uhudu, a ƙarasa da kasuwar dabino kaman yadda aka saba. Ranar Alhamis da yamma ina tsaye ƙofar wani otal ina jiran a sauko da kayan wasu, rana na dukan fuskar wayata, sai abokin aikinmu na Kano ya kira yace akwai mutum goma sha takwas da za su sauka Asabar takwas da rabi na safe, yawanci tsofaffi, a tanadar musu mota. Na buɗe manhaja da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da takardun ɗakuna, na zaɓi Kwasta ta ɗaya, na sa lokaci, na danna ajiye. Ta ajiye. Ba ta yi ƙara ba, ba ta girgiza ba, ba ta tsayar da ni ba, har ma wata 'yar alama koriya ta ɓullo wai an ajiye lafiya. Na maida waya aljihu hankalina kwance.

Asabar tara saura kwata wayata ta yi ƙara, lamba ta Najeriya. Muryar wata dattijuwa ce, ita ce ke jan ayarin.

"Ɗan nan, kai ne na ofishin?"

Nace ni ne Hajiya, sannunku da zuwa, ya hanya.

"Hanya alhamdu lillahi. Mun fito tun ɗazu ba mu ga kowa ba. Akwai masu ciwon ƙafa a cikinmu, akwai mai suga bai karya ba. Ko mu ne muka tsaya inda ba nan ba?"

Wallahi wannan tambayar ta ƙarshe ita ta fi yi mun ciwo, don da zagina ta yi da ya fi mun sauƙi, baiwar Allah tana neman ɗora laifin a kanta. Na kira direban, wani Bahaushen Sudan ne ɗan Mai Wurno, mutum mai sanyin hali, nace kana ina. Yace ya zol ina zan kasance, ga ni a Ƙiblataini mutanenka suna nafila. Nace ba ka ga aikin filin jirgi ba? Yace na gani mana, guda biyu ka turo mun, na ɗauka na biyun kuskure ne ko kuma ka ba wani ka manta ba ka goge ba, ni dai jiki ɗaya Allah ya ba ni. Me zan ce masa? Kwasta ta biyu ta tafi Makka tun asuba, Hayis biyu suna kan aiki, ɗaya ce kawai a ƙasa kuma ba za ta ɗauki mutum goma sha takwas da kayansu ba, kun dai san kayan mutanenmu. Haka na tura ta, na ƙara da tasi uku daga aljihuna, kafin a gama kwashe su sun fi awa ɗaya da rabi a zaune. Da na isa otal na durƙusa na gaida Hajiyar ina ba da haƙuri, tace ba komai ɗana, ai ibada muka zo, haƙuri na cikinta. Alhaji kuwa bai ce ba komai ba, wannan dai mu bar shi.

Da dare bayan isha na zauna na buɗe aikin nan biyu a kwamfutar ofis, ina so in ga ta yaya abin ya wuce ni. Sai ga shi. Ashe ta yi gargaɗi. A can lungun sama akwai wata 'yar alama mai kusurwa uku, launin toka, girmanta bai kai ƙwayar wake ba, in ka kai linzamin kwamfuta kanta sai rubutu ya fito cewa wannan lokacin ya ci karo da wani. A waya kuwa babu linzami, sai dai rubutun yana can ƙasan shafin, bayan gurbin bayani da gurbin lambar jirgi, sai ka ja shafin sama kafin ka gan shi, shi ma toka-toka a kan fari, alhali madannin ajiyewa yana sama ɓaro-ɓaro shuɗi. Wato hanyar da yatsana ke bi daban, inda gargaɗin yake zaune daban, ba inda suka haɗu. Kaman mai gadi ne ya ga ɓarawo ya hau katanga sai ya rubuta a takarda ya sa ƙarƙashin tabarma, da safe yace ai na faɗa.

Na san wani zai ce laifinka ne, me yasa ba ka duba ba. Na yarda da rabin wannan. Amma in ni zan riƙa duba kowace mota da idona kafin in sa aiki, to kuɗin wata da Alhaji ke biya na menene? Ai don ranar da hankalina ya rabu biyu aka saye ta, ba don ranar da nake zaune a ofis cikin sanyin esi da shayi a gabana ba.

Ƙanina da ke karatun kwamfuta na nuna wa hoton shafin, ya yi dariya yace Yaya ai wannan tun a ƙa'ida ma sun faɗi. Yace akwai ƙa'idojin da ƙungiyar W3C ta fitar kan yadda za a tsara shafi kowa ya iya karantawa har da masu raunin gani, a ciki an ce bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da abin da ke bayansa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1, kuma an ce kar a dogara da launi kaɗai wurin isar da saƙo, saboda akwai masu matsalar rarrabe launi musamman ja da kore, a Turawa ma kusan namiji 1 cikin 12 ne. Shi da ya ga tokar nan tasu yace ko kusa ba ta kai ba. Ni ban san lissafin ba, abin da na sani shi ne ranar Madina ta bayan la'asar in ta daki gilashin waya, baƙin rubutu ma da ƙyar kake gani balle toka. Wanda ya zana shafin nan a ɗaki mai labule ya zana shi, bai taɓa tsayawa ƙofar otal direban bas na danna masa hon ba. Wani abin kuma, in ka maida manhajar Larabci komai yana juyawa daga dama zuwa hagu, sai 'yar alamar ta koma ɗaya lungun har sunan motar ya hau kanta ya rufe rabinta, direbobinmu kuma duk Larabci suka sa.

Bayan wannan na fara bin diddigi, sai na gano ashe rashin ganin gargaɗi rabin ciwon ne, ɗaya rabin shi ne wuraren da ba ta yin gargaɗin sam. Wannan ya kamata masu saye su fahimta don ba a wannan manhajar kaɗai yake ba, haka tsarin kalandojin waya yake. Duk abin da ka shigar yana ɗauke da wata alama a ɓoye, ko dai yana cin lokaci ko ba ya ci. Wanda ke cin lokaci shi ake lissafawa in ana duba karo, wanda ba ya ci kuwa kaman tunatarwa ce kawai, ko abu goma ka ɗora a kansa ba ruwanta. Toh abin da ka sa na yini guda, irin wanda ba shi da ƙarfe kaza zuwa kaza, yawanci da kansa yake faɗawa cikin waɗanda ba sa cin lokaci, haka yake a Google Calendar haka yake a Outlook, kuma da dalilinsu, don yawancin abin yini guda irin su ranar hutu ne ko ranar haihuwa, ba zai yiwu ace don yau ranar haihuwar wani ce ba za ka sa taro ba. Amma mu abin da muke sawa na yini guda shi ne Hayis ta biyu ta tafi fahas, wato duba lafiyar mota, ko direba wane yana hutu. Na rubuta hakan, washegari na gwada sa wa motar aiki, shiru kake ji, ko 'yar tokar ba ta fito ba. A Google Calendar da Outlook aƙalla akwai wurin da za ka canza shi da hannunka ka ce wannan yana cin lokaci, a tamu sai da na tona cikin saiti hawa uku kafin na samu. Yanzu in mota ta tafi gareji daga sha biyun dare zuwa sha biyun dare nake sa mata, dabarar talaka.

Sai maganar tazara. A wurin manhaja, aikin da ya ƙare ƙarfe goma da wanda ya fara ƙarfe goma ba su ci karo ba. A takarda gaskiya ne. Amma wancan ya ƙare a Uhudu ne da tsofaffi ashirin da kowanne sai an nemo shi a wurin masu sayar da dabino da carbi, wannan kuma yana farawa a filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz. Motar tsuntsuwa ce? Ko bas mai zuwa Makka, tafiyar da ta haura kilomita 400, ga tsayawa a miƙatin Abyar Ali a yi niyya a yi nafila, wasu sai a nan ne za su tuna ba su yi wanka ba, ga hutun hanya, direban da ya yi wannan ya juyo ba mutumin da za ka sa wa aikin asuba bane ko da shafinsa fari fat yake. Ga lokutan sallah da askarawa kan rufe hanyoyin kusa da Harami in cunkoso ya yi yawa, ranar Juma'a kuwa daga hantsi ka manta da shiga Markaziyya da babbar mota cikin sauƙi. Kalandar iPhone tana da wurin ƙara lokacin tafiya kafin aiki, na so ace tamu tana da irinsa, ko da ni ne zan sa da hannuna in ce kowane aikin Kwasta a ƙara masa minti arba'in gaba da baya. Babu.

Lokacin ƙasa ma ya taɓa cin mu, sai dai wannan da sauƙi. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, tana gaban Sudan da awa ɗaya, kuma ba a canza agogo a nan rani ko ɗari. Abokin aikinmu na Kano in ya shigar da ƙarfe tara daga wayarsa, ni sha ɗaya nake gani, alhali taran Madina yake nufi tunda daga tikiti ya kwafo, tikiti kuma da agogon garin da za a sauka ake rubuta shi. Wannan akwai saitinsa, ka kulle kalandar gaba ɗaya a kan agogon Riyad kowa ya bi, mun yi kuma ya zauna. Wanda saiti ba ya gyarawa shi ne namu na Hausawa, mutum yace maka jirginsu daren Juma'a ne ƙarfe ɗaya, shi yana nufin daren Alhamis wayewar Juma'a, yaron ofis kuma ya sa shi Juma'a da dare wayewar Asabar. Wannan kam ba zan ɗora wa kowace manhaja ba, yanzu duk wanda yace mun daren kaza sai nace turo hoton tikitin.

Na rubuta musu ƙorafi ta WhatsApp ɗin masu kula da kwastoma, da Larabcina na kasuwa, na haɗa da hotuna. Gaskiya sun amsa da wuri kuma da ladabi, ba irin amsar inji ba, mutum ne ya karanta har ya tambaye ni wace irin waya nake riƙewa. Bayan kaman wata ɗaya da rabi sai ga sabuntawa ta zo, na ga ashe ba ni kaɗai na yi kuka ba. Yanzu in ka sa aiki a kan aiki sai wani jan akwati ya rufe fuskar wayar gaba ɗaya, waya ta girgiza, ba za ka iya ajiyewa ba sai ka danna ci gaba ko koma. Ranar farko har tafi na yi.

Sati biyu kawai na fara jin haushinsa, kuma a nan ne nake so masu yin irin wannan kaya su saurare ni da kyau. Jan akwatin nan bai san babba ba bai san yaro ba. Na haɗa kalandar lokutan sallah da tawa, to duk aikin da ya ratsa azahar sai ja. Na sa wa kaina tunatarwa in kira otal ƙarfe tara alhali Kwasta tana ziyara ƙarfe tara, ja. Ayari ɗaya na raba su mota biyu lokaci ɗaya da gangan, ja. A yini sai in ga akwatin nan sau ashirin ko fiye, kuma rubutun ciki ɗaya ne kullum, wai akwai karo a wannan lokacin, bai faɗi da me ba, bai faɗi wace mota ba. Kun san abin da ya biyo baya. Yatsana ya haddace inda ci gaba yake, kafin idona ya karanta ya riga ya danna. Wata rana na kama kaina na danne gargaɗi na gaskiya, Hayis ɗaya aikin tashar jirgin ƙasa da aikin otal, Allah ya taimake ni direban ya kira tun dare yace Malam wannan fa ba zai yiwu ba. Wato mun tashi daga mai raɗa mun koma mai ihu a kan komai, irin yaron da kullum yake cewa ga kura, su biyun kuma ƙarshensu ɗaya ba a jin su.

Abin da nake so ba wani abu bane mai wuya a ganina. Ta san cewa karo iri-iri ne. In mota ɗaya ce ko direba ɗaya aka ba aiki biyu, wannan ta tsayar da ni da ƙarfi, ta rubuta mun da manyan baƙaƙe cewa Kwasta ta ɗaya tana ziyara bakwai zuwa goma da rabi da mutum ashirin da biyu, ta ajiye mun aikin biyu gefe da gefe in gansu, ta nuna mun motar da ke ƙasa a wannan lokacin in zaɓa nan take, in kuma na nace sai na ajiye to ta sa ni rubuta dalili ko kalma ɗaya ce, don hannu ba ya haddace rubutu kaman yadda yake haddace dannawa. In tazara ce ta yi kaɗan, layi ruwan ɗorawa a saman shafi kusa da madannin ajiyewa ya isa. In tunatarwa ce ko lokacin sallah, ta rabu da ni. Wannan tunanin ma ba sabo bane, a Google Calendar na kamfanoni ana buɗe wa ɗakin taro kalandarsa, a saita shi ya karɓi buƙatar da ba ta ci karo da wata ba kawai, in ɗakin a kame yake ya ƙi. Outlook ma yana da shafin da ke jera mutane da ɗakuna layi-layi ka ga wanda ke da sarari kafin ka sa taro. Mota ai ɗakin taro ce mai taya, me zai hana a yi mata haka.

Sannan babban wanda har yau ba su taɓa ba: karon da ke haihuwa bayan ka riga ka ajiye. Gargaɗinsu duk a lokacin shigarwa yake. Amma a aikinmu jirgi ya yi jinkirin awa huɗu abu ne na kullum, abokin aikina ya ja lokacin daga wayarsa a Kano, shi ya ga jan akwati ya danne abinsa, ni da zan nemo mota ban san an yi ba, babu saƙo babu komai, in na buɗe shafin mako sai dai in ga akwatuna biyu sun matsu gefe da gefe sirara kaman an raba biredi, wanda a ƙaramar waya ba ka ma lura. Ya kamata karon da ba a warware ba ya zauna ja a shafin farko, da adadinsa a saman alamar manhajar kaman saƙon da ba a karanta ba, ya ƙi tafiya sai an gyara, kuma da dare ta turo mun cewa gobe akwai karo biyu. Haka nan izinin shiga Rauda da ake ɗauka ta manhajar Nusuk, kowa da ranarsa da sa'arsa, in ya wuce ya wuce, ga tikitin jirgin ƙasa na Haramaini wanda tun da ya fara aiki a 2018 mutanenmu masu hali suka fi son shi don cikin kaman awa biyu da rabi ka isa Makka, shi ma ba ya jiran kowa. Waɗannan biyun da hannu nake shigar da su a shafin ayari, manhajar kuma ba ta leƙa wannan shafin, ba ta duba ko ayari ɗaya an sa musu Rauda da tashar jirgi a sa'a ɗaya. An taɓa samun mata shida da izininsu ya faɗo daidai lokacin barin otal, da ido na gano, kwana ɗaya kafin ranar, aka canza musu tikiti.

Hausa kuwa babu ita a ciki, Larabci ne da Turanci, ban ma sa rai ba, amma da gargaɗin nan ɗaya tak zai fito da harshen da mutum ke mafarki da shi da ya fi shiga kai.

In tauraro ake bayarwa uku zan ba ta cikin biyar. Ɗaya na Hijira da Miladiyya, ɗaya na tura aiki wayar direba, ɗaya na mutumin da ya amsa mun saƙo kaman ɗan adam. In motarka ɗaya ce ko biyu kar ka wahalar da kanka, buɗe wa kowace mota kalandarta a cikin wadda ta zo da wayarka kyauta, ka ba su launi daban-daban, ka riƙa kallon shafin yini ba na wata ba, ya ishe ka. In kun kai mu ko kun fi mu, za ta yi muku amfani, amma ranar farko ku cire kalandar sallah daga cikinta, ku kulle agogo a Riyad, kar ku sa komai na yini guda, kuma ku ce wa direbobi duk wanda ya ga aiki biyu a lokaci ɗaya ya kira ko ƙarfe nawa ne, kar ya yi wa kansa fassara.

Allon bangon nan da muka sauke da murna na sa an maido shi, kowace rana bayan isha ina kwafe aikin gobe a kai da maka, mota-mota, in tsaya in kalle shi minti biyu kafin in kulle ofis. Kuɗin manhajar zai ƙare ƙarshen watan nan, Alhaji ya tambaye ni jiya ko a biya na shekara tunda akwai ragi, nace masa a'a Alhaji a biya na wata uku tukuna, na sake tura musu saƙo kan maganar rarrabe gargaɗin sun ce suna dubawa, ga azumi na tahowa kuma motocin nan ba za su huta ba, a nan za mu gani.